Wayoyin Filogin Motar Hatsari

Jama'a, abin nan da zan faɗa muku wallahi a kaina ya faru, ba ji na yi a teburin mai shayi ba. Shekarun baya ne, lokacin ina haya da 'yar motata daga Suleja zuwa Abuja, ina kwasar ma'aikata da safe in dawo da su da yamma. Gonar gadona na sayar a can gida na saye ta, ita ce cinmu, ita ce hayar ɗakinmu a unguwar Iku, ni da matata Hadiza da yara. Saboda haka ba na wasa da sabis, lokacinsa na yi zan juye baƙin mai, in canza filogi, in duba wayoyinsa, ko da kuwa lafiya lau take tafiya.

To wani sabis ɗin bakanikena, Oga Ɗanlami, ya taɓa wayoyin ya ce sun bushe, sun fara tsagewa, a canza su tare da filogin. Ya ce in sayo sababbi. Ni kuwa kun san mu direbobi da taurin kai, a wurinmu na hannu, wanda muke ce wa Beljiyam, ya fi sabo ƙarko, haka muka taso muka ji. Na tafi wurin masu sayar da kayan mota, wani ɗan tsamurmurin mutum ya ce yana da masu kyau, ya ja ni bayan shago ya ɗaga wani tamfol. Subhanallahi! Mota ce irin tawa sak, ta lotse kamar gwangwanin madara, amma injin bai yi komai ba. A gabana ya zare wayoyin. Na ce, “Maigida, mutanen ciki sun fita da rai kuwa?” Bai ko kalle ni ba ya ce, “Kai dai waya ka zo saye.”

Aka ɗaura su tare da sababbin filogi, mota ta tashi bugu ɗaya, har ina yi wa Oga Ɗanlami tsiya. Washegari da hantsi na yi lodi, muna kaiwa wata kwana kafin a shiga Zuba, sai injin ya ɗauke ɗif, ba tari ba gargaɗi. Sai kuma na ji bayan motar ya zauna, kamar an ƙara mini buhunan masara. Wata mata a baya ta ce, “Direba, haba, ina za mu sa wasu kuma? Mun matsu fa!” Na waiga. Ba wanda ya shigo, amma duk sun takure gefe guda, sun bar wuri.

Na buɗe bonet na kwance filogi ɗaya, sabo fil, sai ga shi jiƙe. Ba fetur ba, ba baƙin mai ba, ruwa ne. Na kai hanci, wallahi tallahi kafur yake yi, irin wanda ake sawa a ruwan wankan gawa. Ni na wanke gawar mahaifina, ba zan manta wannan ƙamshin ba.

Tun daga ranar, kullum a kwanar nan take mutuwa, sai an tura ta gaba kaɗan ta tashi. Oga Ɗanlami ya fizge wayoyin ya sa sababbi a leda, ya sake filogi, ya canza kwayil mai ba filogi wuta, a banza. Ƙarshe ya goge hannunsa ya ce, “Malam, ni ƙarfe na koya. Wannan ba nawa ba ne, don Allah kar ka sake kawo ta nan.” Na kwashi tsofaffin wayoyin na koma in mayar da su inda aka ciro su, mutumin ya ce ai tuni 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa sun yanka motar sun tafi da ita. Haka na juyo da wayoyin a hannu. An yi saukar Alƙur'ani, an yi sadaka, an yayyafa tofi, ba abin da ya canza. Magana ta zagaye tasha, fasinja ya gwammace ya tsaya a rana da ya shiga tawa, na sa ta a kasuwa ko mai tayawa babu.

Yanzu tana nan ƙofar gida, tayoyi sun sace, na cire batir na sayar mun ci. Ni da nake da mota, yau dako nake yi a kasuwa, gona ta tafi, ban kuma ga ranar da zan tashi ba. Hadiza takan shanya wanki a kanta, rannan ta kira ni ta ce in taɓa bonet. Da safe ne, rana ba ta fito ba, na ɗora tafin hannu. Zafi rau, kamar yanzu aka dawo da ita daga hanya.

Don girman Allah, in za ku canza filogi da waya ku sayi sabo, ko da ba zai kai wata biyu ba. In kuma na hannu ne, ku tambayi daga ina aka ciro shi. Ni har yau ban san su wane ne na ɗauko ba, ban kuma san inda suke son a sauke su ba.