Gaisuwar Canjin Mota

Tun ina saurayi a Kano nake son tsofaffin fina-finan nan na direbobin tasi waɗanda ba su da kowa a babban birni. A wani gidan kallo na unguwarmu muke ganinsu, hoton ma duk ya dusashe. Direba zai yi ta yawo shi kaɗai, ruwan sama na zuba a gilashi, yana leƙen mutane ta madubi, wani lokaci har ya yi magana da kansa. Abin burge ni yake yi. Gidanmu cike yake da jama'a, ko tari ka yi sai mutum uku sun ce maka sannu, shi ya sa na ɗauka kaɗaici wani irin hutu ne na manya.

Da na zo Dubai na kama tuƙin tasi, ruwan saman ne kawai ban tarar ba. Fasinja zai faɗo kujerar baya, ya toshe kunnuwa, ya ce "yalla", wato mu je, ya sauka bai ko san kamannina ba. A ɗakinmu na unguwar International City kuwa muna da yawa, amma kowa da yarensa, kowa da wayarsa.

Tsarin aikin, mota ɗaya direba biyu. Abokin canjina wani dattijo ne ɗan Damagaram, dogo siriri, ni kuma Allah bai ba ni tsawo ba. Shi ke fita da safe, ni in karɓa bayan la'asar a bakin wani masallaci. Kafin ya miƙo makulli sai ya sunkuya ya jawo kujerar gaba daidai ƙafata, yana tsokanata da Faransanci: "Kai, petit, ɗan ƙarami, da wa aka raba maka ƙafafun nan?" Daga nan mu gaisa, gaisuwa cikakkiya irin ta gida.

"Baba, ina wuni?"

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya aiki, ya zafi?"

Sai ni ma in tambaye shi gajiya, ya ce babu. Mu duka mun san ba gaskiya ba ne, idanunsa jawur, bayana kuma kamar an daka. Amma haka ake amsawa, kuma a duk yini wannan ce kaɗai Hausar da ke shiga kunnena daga bakin mutum. Da ita nake iya kai aikin ƙarshe.

Wata ranar Talata ya iso a makare. Ya fito a hankali, ya dafa ƙofa. Na ce, "Baba, ina gajiya?"

Ya ce, "Akwai ta, ɗana."

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin an amsa wannan tambayar haka ba. Ya ce titi ya fara yi masa hazo a ido, yau saura ƙiris ya hau bayan wata bas a unguwar Satwa. "Khalas, shi ke nan," in ji shi. "Na faɗa wa kamfani, gida za ni."

Tausayinsa ya kama ni, amma tsoro ya fi yawa. Na so in ce ya ƙara ko da wata shida, na ga ba ni da bakin faɗa. Duk da haka ya sunkuya, yana nishi, ya jawo mini kujerar. Na roƙe shi ya shigo gaba in kai shi masauki. Da zai sauka ya ce, "Ka nemi wanda za ka riƙa gaisawa da shi, ka ji? Garin nan ba ya tambayar mutum."

Na nema, ban samu ba. Wanda aka haɗa ni da shi bayansa mutumin kirki ne daga wata ƙasa, yakan miƙo makulli ya ce "habibi", ya wuce yana hamma. Shi ma dogo ne. Ran nan na shiga motar, na jawo kujerar da kaina, na gyara madubi, sai na ji murya ta ce, "Ba gajiya." Na waiwaya baya, babu kowa. Ni na faɗa, ba wanda ya tambaye ni.