Mijina da Ya Ƙi Yi Mini Rantsuwa

Bana shekara talatin da bakwai ke nan da muka binne Baban Talatu. Sunansa Bitrus, tela ne a Fagge, mijina ne kuma, amma ban taɓa kiransa da sunan nan ba yana raye, ko yanzu da na rubuta sai da na ji nauyi. Ya rasu ana saura kaɗan Turawa su miƙa mulki. 'Ya'yana ne suka matsa in rubuta wani abu a kansa tun hannuna yana iya riƙe alƙalami, suka kuma roƙe ni in faɗi alheri kawai. To, zan faɗi abin da na sani, in haɗa da abin da har yau ban sani ba.

Ni mace ce mai zargi, duk layinmu an san haka. In aka kawo mini nono sai na sansana, in ɗan acaɓa ya ce ya san hanya sai na tambaye shi sunan layin da ke gaba. Jikokina 'yar sanda suke ce mini. Ba haka aka haife ni ba, zama da mashayi ne ya koya mini. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle.

Daga ƙasar Zazzau muka zo Kano, muka kama ɗaki guda a Sabon Gari. Ya samu aikin awon gyaɗa a wani kamfani, aiki mai kyau, sai burukutu ta shiga tsakaninmu. Ba zan tona komai ba, amma yarana sun san takunsa tun daga zaure, da sun ji suna ɓuya bayan randa. Aka kore shi daga aiki. Ran da aka tsamo shi daga kwata, Talatu, 'yarmu ta fari, ita ta gane shi da takalminsa. Washegari ya je gaban Fasto da dattawan ikilisiya ya durƙusa ya ce ya tuba. Ni ma na yi tawa maganar a gabansu. Na ce duk ran da na sake jin warin abin nan a bakinsa, zan kwashi yarana in koma gidan ubana, kuma ko limamin duniya aka turo ba zan dawo ba. Ya san ba na magana biyu.

Wanda ya tsame mu daga yunwa Musulmi ne, Alhaji Busari, Bayarabe mai sayar da yadi, haifaffen Fagge. Ya ba shi aron keken ɗinki da gefen rumfarsa. Ya ce shi ba ruwansa da inda mutum yake sujada, muddin hannunsa ba ya rawa a kan yadin mutane.

Daga rumfar nan zuwa gidanmu hanya biyu ce. Ɗaya ta biyo ta gaban kantin Bata ta miƙe sak zuwa layinmu, amma sai ta ratsa ta ƙofar gidan Magajiya Asabe, inda ake dafa burukutu, inda kuma ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ɗayar ta kewaya ta bayan kasuwa, ta fi tsawo, ba wari a cikinta sai na busasshen kifi. Duk mai hankali ya san wadda tubabben mashayi zai bi. Baban Talatu ta ƙofar Magajiya yake bi, kullum, har ya tsaya ya gaida na zaune a kan benci.

A shekarar nan Fastonmu ya daɗe yana wa'azi a kan abu biyu: cewa mai bi ya tsaya wa Shaiɗan da ƙarfi, shi Shaiɗan ne zai gudu, da kuma cewa Almasihu ya zo ne don mu sami rai a yalwace. Mijina ya ɗauki na farkon kamar shi kaɗai aka yi wa. Na ce masa kullum a addu'a muna roƙo kada a kai mu wurin gwaji, shi kuma yana kai kansa da ƙafafunsa. Ya ce Shaiɗan kamar karen unguwa yake, in ka ruga ya bi ka, in ka tsaya ka sunkuya kamar za ka ɗauki dutse sai ya ja baya. Ya ce in ya kewaya yau, gobe can bayan kasuwar zai tarar da shi. Na ce a juri zuwa rafi dai, wata rana tulu zai fashe. Ya yi dariya ya ce in zuba masa tuwo.

Ni ban yarda da wannan tsayayya ba. A raina cewa nake yi marmari ne yake kai shi, ya samu ayar da zai fake da ita. Saboda haka na ƙirƙiro tawa dabarar. Kowace yamma ina tarye shi a bakin ƙofa, in karɓi jakar almakashinsa, in miƙa hannu in cire masa hula. Dogo ne, dole ya sunkuyo, in yana amsa sannu da zuwa sai in ja numfashi. Maƙwabta suna yaba mini ladabi. Shekaru na yi ina wannan, ban ji komai ba sai warin man keke da na yunwa.

Sai wata rana gab da Babbar Sallah, lokacin da teloli ba su da sukuni, ya shigo bayan magariba gaban rigarsa jiƙe sharkaf. Tun bai ƙaraso ba warin ya riga shi shiga ɗaki. Yaran da suka daɗe da manta randa, na ga babbar ta waiwaya wajenta. Na cire hular kamar kullum, na ja numfashi, sai na ji goro. Bakinsa ja wur. Mutumin da bai taɓa cin goro ba, wanda yake cewa yana sa shi jiri.

Ya ba ni labarinsa. Wai Tanko, tsohon abokin shansa, shi ya riƙe masa riga a ƙofar Magajiya yana tura masa ƙwarya a baki, da ya ture sai ta kife a jikinsa. Goro kuwa, wai an yi suna a gidan Alhaji Busari, Alhaji da kansa ya ɓara ya sa masa a hannu, ya ji kunyar ƙi. Kowanne a cikin biyun zai iya faruwa. Amma su haɗu rana guda, wari a riga, abin kashe wari a baki? Ruwa ba ya tsami banza.

Na ɗauko Littafin da muke sujada da shi na ajiye a gabansa, na ce ya dafa ya rantse. Ya dube shi, ya dube ni, ya mai da hannuwansa baya.

"Uwargida, ban sha ba," in ji shi. "Ubangijinmu ya hana mu rantsuwa. I ɗina i ne, a'a ɗina a'a ne. Iyakar abin da nake da shi ke nan."

Na ce a garin nan ko mai tumatir yana rantsewa a kan kashi guda, shi aurensa ne a kan faifai yake mini fatawa?

"Lokacin da nake rantse miki da kabarin uwata, sau nawa na faɗi gaskiya?"

Na san amsar. Amma na ɗaure kayana da na yara a zani na ajiye bayan ƙofa, inda zai gani.

Washegari na yi abin da na iya, na fita bincike. A Fagge na sami Iya Sikira, matar Alhaji Busari. Ta ce ƙwarai an yi suna, an kuma raba goro, amma ita ba ta bi bakin kowa ta ga lokacin da ya tauna ba. Ta ƙara da cewa, "Ke ma dai, Maman Talatu, je ki leƙa rumfa ki ga ko hannunsa yana rawa wajen zura zare." Na leƙa daga nesa, ba ya rawa, amma ƙwarya guda ba ta sa hannu rawa. Na daure na tsaya a ƙofar Magajiya Asabe, karo na farko kuma na ƙarshe a rayuwata. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce su a nan ba sa ba da shaidar kowa, da suna yi da tuni sun rasa ciniki. Tanko kuwa ko ranar bai tuna ba. Na dawo gida da abin da na fita da shi.

Ƙullin nan ya yi kwana da kwanaki a bayan ƙofa. Bai roƙe ni ba, bai kuma sake hanya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Magana ɗaya ya yi, yana wanke hannu bayan cin abinci. Ya ce Shaiɗan ƙofa biyu gare shi a gidan nan, maƙogwaronsa da hancina, shi yana tsare tasa, ni ma in duba tawa. Na ce masa hancina bai taɓa jefa kowa a kwata ba. Daga baya na kwance ƙullin. Kada wani ya ce yarda na yi. Lahadi ce ta zo, rigar cocin Talatu kuma tana can ƙasan kayan.

Yanzu in na zauna a ƙofar gida ina kallon Sabon Garin yau, nakan tambayi kaina me zai ce. Majami'u sun yi yawa har a saman shaguna, kowace da lasifikarta, ana korar Shaiɗan da ihu tun safe. Maganar rai a yalwace da Fastonmu yake yi a hankali, yanzu a kan ƙyallaye ake rubuta ta, da hoton mota a gefe. Wani matashin mai wa'azi ya zo har gida ya ce mini in na ba da gaskiya sosai talauci zai bar zuriyata, yana magana yana rantse-rantse. Na dubi takalminsa, na dubi na yaron da ke riƙe masa jaka, na ce na ji. Ba a shaidar ɗan kuturu sai ya shekara da yatsu. Na san Baban Talatu zai ce in bar zargin bayin Allah, in duba ƙofata. Amma na kuma san tambayar da zai yi wa matashin nan: in an tashi daga sujada, ta wace hanya kake komawa gida, wa kuma yake jiranka a can?

Shi yalwarsa ba ta da hoton mota. Na taɓa yi masa gori a kanta wata rana da miya ba ta da nama, na ce ina yalwar da aka yi mana alkawari. Ya ce in duba in gani: ya shigo gida da ƙafafunsa, yaransa sun rugo sun tarye shi maimakon su ɓuya, harshensa kuma yana jin ɗanɗanon miyar kuka. Ya ce shekarun da yake da albashi bai san ɗanɗanon komai ba. Na yi tsaki a lokacin. Yau da na ga masu gidajen bene waɗanda 'ya'yansu ke tsoron ƙarar motarsu, na daina tsakin.

Bayan wasu shekaru idanunsa suka yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura. Muka kai shi asibiti. Likita Bature ya danna cikin, ya yi magana, tafinta ya juyo wurina don shi ba shi da ƙarfin amsawa. Ya ce likita yana tambaya ko mijina yana shan giya, don ciwon a hanta yake.

Ga shaidar da na yi shekaru ina nema, likita ya kawo mini ita har gaban gado. Ko tsohon shan ne ya biyo bashinsa, ko kuwa akwai sabo, ba wanda zai iya gaya mini. Da na ce ban sani ba, da ban yi ƙarya ba. Na dubi gadon, na ga ya juyo da idanun nan nasa yana kallona.

Na ce, "Ya sha a da. Ya daina tun ran da ya ce ya daina."

Tafinta ya ce, "Kin tabbata, Mama?"

Na ce, "Na faɗa maka." Ban rantse ba, shi ma bai nema ba.

Da suka wuce gado na gaba, ya yafito ni. Na sunkuya don in ji me zai ce, sai ya huro mini numfashi a fuska, a hankali, yana murmushi. Ya ce duk shekarun nan na zaci don hula yake sunkuyowa? Ya ce akwai ranakun da a ƙofar Magajiya wa'azin Fasto yake ɓace masa gaba ɗaya, ƙafafunsa su yi nauyi, abin da kawai yake tunawa shi ne akwai hancin da ke jiransa a gida. "Wasu Allah ya ba su mala'ika," in ji shi, "ni ke ya ba ni." Na ce ashe hancin nawa ba ƙofar Shaiɗan ba ne. Ya ce duka biyun ne, ya danganta da ranar. Bai kai Lahadi ba.

Bai bar mana gida ba, bai bar gona ba, keken ma na Alhaji Busari ne, muka mayar. Abin da ya bari yana bakin 'ya'yansa. Ɗanmu na biyu yana sayar da yadi yanzu, 'yan kasuwa suna yi masa tsiya wai shi ne mutumin da ba ya rantsuwa, amma in suna son gaskiyar kaya wurinsa suke zuwa. Hularsa tana nan a akwatina, ta daɗe da daina warin komai, na sani don nakan duba.

Abin da ya faru ran nan a ƙofar Magajiya Asabe, har yau ban gani da idona ba, kuma duk waɗanda suka gani sun mutu. Ni dai mutum ya ce mini bai sha ba, ya ƙi ƙara ko kalma guda a kai, ya bar mini in ɗauka ko in bari. Na yi shekaru kafin in ɗauka. Da za a sake tambayata yau, amsar da na ba likita ita zan bayar, kuma ni ma ba zan rantse ba.