Ranar da Lajidan Ya Ɗauki Kwandona

Na tsufa yanzu, abubuwa da yawa sun zube mini daga kai, har sunayen jikokina nakan gauraya su, suna ta yi mini dariya. Amma akwai wata damina da ba zan taɓa mantawa da ita ba muddin ina numfashi, kuma duk lokacin da na tuna ta sai na ga kawuna tsaye a gabana.

Kawun nan wan mahaifiyata ne. Tun kafin a haife ni Nasara suka ɗebe shi soja daga ƙauyenmu, can gefen Garhanga. Da shekarun da aka yanka masa suka cika, abokansa suka dawo gida, shi kuwa ya zarce da aikin. Ya yi yaƙi a Faransa, ya zauna Maroko, ya je har Sham. A hankali ya yi ta hawa har ya kai lajidan, muƙamin da baƙar fata ƙalilan ke kaiwa a zamanin. Sai da na zama saurayi ya dawo mana gaba ɗaya, da ɗingishi a ƙafar hagu, da akwatin ƙarfe, da lambobin yabo waɗanda ba ya nuna wa kowa. Garin duka Lajidan ake ce masa, har liman.

In ka tambaye shi labarin yaƙi sai ya kawar da kai. Amma taɓa masa zancen sanyin Faransa ko abincinsu, to ka shirya zama. Yakan ce akwai wata cukwi tasu da in an buɗe ta a Keita, sai an toshe hanci a Tamaske. Noma ya kama gadan-gadan, yana ja wa layukan hatsinsa igiya don su miƙe, mutane suna wucewa suna ƙunshe dariya. Matarsa kuwa, wadda muke kira Inna, ta ɗauki alkawarin rama masa duk furar da ya rasa a ƙasar Nasara. Ba a daɗe ba kawu ya ajiye tumbi.

A lokacin ana cikin yaƙin Nasara na biyu, aikin tilas ya yi tsanani. Ban daɗe da aure ba, matata tana da ciki, sai ga gardi, dogaran Nasara, sun shigo gari a ƙarshen bazara. Aka tattara mu, majiya ƙarfin ƙauyen, aka kora mu aikin hanyar mota da ke hawa dutse tsakanin Keita da Bouza. Aikin shi ne fasa dutse, ɗaukarsa a kwando, zubawa, dawowa. Mun haƙura, don ba yau aka fara ba. Abin da ya karya mana zuciya shi ne ruwan shuka da ya sauka muna can. Ruwa ne mai kyau, irin wanda ke jiƙa ƙasa har gwiwar hannu. Da gari ya waye ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina, mu kuwa ga mu da kwanduna a ka. Wanda bai yi noma a ƙasarmu ta Adar ba ba zai gane ba. A wurinmu in ruwan shuka ya wuce ka, shekarar ce ta wuce ka. A gida ba a bar kowa ba sai tsofaffi da mata da yara. Na ga ƙato mai gemu ya duƙa ya damƙi jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shaƙa, hawaye na zuba. Wasu suka fara raɗe-raɗin gudu ƙetaren iyaka, ƙasar da Ingilishi ke mulki, kamar yadda mutanen wasu garuruwa suka yi, amma wa zai bar iyalinsa a hannun gardi?

Washegari da hantsi aka ce kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, zai zo duba aiki. Muna cikin jido sai wani abokina ya zungure ni. "Kai, dubi can. Ba kawunka ba ne?"

Na ɗaga ido. Can gangare, wani mutum ne a kan jaki, ƙafafunsa suna kusan jan ƙasa. Da ya iso bayan wata bagaruwa sai ya sauka, ya ɗaure jakin inda yake zaton ba a ganinsa, ya kakkaɓe jiki, ya gyara jar hula. Sa'an nan ya fito yana takawa irin ta soja, da ɗingishinsa da komai. Kakinsa ne na da ya saka, lambobi jere a ƙirji suna walƙiya. Sai dai rigar ta ƙi haɗuwa a ciki. Maɓallin sama ya shiga, na ƙasa ya shiga, na tsakiya kuwa sun ce ba da su ba, tumbin yana leƙowa. Daga baya Inna ta gaya mana ita da maƙwabciyarta suka taru suna ja, shi yana riƙe numfashi, har suka gaji suka bar wa Allah.

Da a gari ne da mun faɗi da dariya. Amma wallahi babu wanda ya motsa, don gardin da ke ta zaginmu tun safe, suna ganinsa suka ƙame kamar an dasa su. Babbansu ya taɓa zama ƙarƙashinsa a bariki.

Motar kumandan ta iso. Saurayi ne siriri, jajir da rana, bai daɗe da zuwa ƙasar ba. Kawu ya taka har gabansa, ya buga ƙafa, ya sara. Baturen ya dubi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, na ga fuskarsa ta sauya, sai shi ma ya miƙe sosai ya sara. Ranar na fara ganin Bature ya sara wa baƙin mutum.

Suka shiga Faransanci. Tafinta ya matso, kawu ya ɗaga masa hannu alamar ba a bukatarsa. Duk abin da ya gaya wa kumandan sai ya juyo ya maimaita mana da Hausa da ƙarfi, wai don kowa ya zama shaida.

"Na ce mishi, mutanen ga nawa na. In ba su yi shuka ba cikin kwanakin ga, baɗi ba ya da masu yi mishi hanya, ba ya da masu biyan harajin bodo, sai masu bara."

Kumandan ya yi magana mai tsawo yana nuna hanya, yana nuna gabas. Kawu ya juyo. "Ya ce shi ma daga sama anka matsa mishi. Ya ce in ya sake ku, rabinku Ingilishi za ku tsere."

Mun san gaskiya ya faɗa. Kawu ya dube mu, ya daɗe yana dubanmu, kamar yana auna kowa. Sa'an nan ya dafa ƙirjinsa, ya yi wa Baturen wata gajeriyar magana, ya juyo.

"Na ce mishi ya ba ni ku. Ku tahi ku yi shuka, ku yi noman fari. Ranar kasuwar Keita ta bayan noman fari ni da kaina zan kawo ku, ba gardi, ba bulala, kuma ni zan tsaya bisa aikin har a gama. In mutum guda ya ɓace, ya cire waɗanga daga ƙirjina gaban jama'a. Kun ji abin da na aza. To, mi kunka ce?"

Muka amsa baki ɗaya mun yarda. Kumandan ya cire hularsa ya share gumi, ya miƙa wa kawu hannu. Ba mu jira an ce mu tafi ba. Kwanduna muka watsar muka gangara da gudu, muka bar kawu a baya yana fama da jakinsa da ya ƙi tashi.

Shukar wannan shekarar ba a taɓa irinta ba. Kawu ya hana kowa zuwa gonarsa shi kaɗai. Ya raba mu ƙungiya-ƙungiya, masu sungumi a gaba suna sara, mata da yara a baya suna zuba iri suna rufewa, a gama gonar wannan a faɗa ta wancan. Gonakin gwauraye da na tsofaffi aka fara yi, tasa ce ta ƙarshe. Yana tsaye bakin gona yana ihu, "An, de! An, de!" wato ɗaya, biyu, mu kuma muna sara bisa kiran. Tsofaffin mata suka mai da shi waƙa, suna kwaikwayon ɗingishinsa a bayansa. Ya sani sarai, amma ya yi kamar bai gani ba. Allah ya sa ruwa ya biyo baya, hatsi ya tsiro, muka yi noman fari cikin kwanciyar hankali.

Ranar alkawari ta zo. Tun da asuba kowa ya fito dandali da guzurinsa, har waɗanda suka fi kowa zancen gudu. Ni ma na ɗaura buta na ɗauki sandata, sai ga mahaifiyata ta fito daga ɗakin matata a rikice. Naƙuda ta tashi, kuma ba ta zo da sauƙi ba. Haihuwar fari ce, yarinyar tana ta kiran Allah. Na tsaya tsakar gida, ƙafa ɗaya na son fita, ɗaya ta ƙi. In na zauna, na zubar da mutuncin da kawu ya tara tsawon rayuwarsa. In na tafi, ban san abin da zan tarar ba.

Kawu ya leƙo da kakinsa. Ya dubi mahaifiyata, ya saurari abin da ke fitowa daga ɗaki, ya dube ni.

"Aje butar nan, ɗana."

"Kawu, alkawari fa? Kai ka ce ko mutum guda..."

"Ni na yi alkawarin, ba kai ba. Zamna. In ta sauka lahiya ka iske mu."

"To in anka ƙilga?"

"Gardabu!" ya daka mini tsawa, irin wadda ake ƙamar da soja da ita. Ban san sa'ad da na miƙe ƙam ba. Ya ce, "Soja ba ya gardama. Zamna na ce." Ya juya ya fita.

Sai da rana ta take tsaka Allah ya sauke ta lafiya, aka sami ɗiya mace. Na leƙa na ga uwa da ɗiya suna numfashi, na yi hamdala, na zuba da gudu. Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Na haye dutse, na gangara kwari, ƙaya na sukata ban ji ba. La'asar ta yi lokacin da na hango wurin aikin, kuma abin da na fara gani shi ne motar kumandan a tsaye. Na ƙara sauri.

Da na matso sai na ga layin masu jido yana gangarowa, suna tafe suna waƙa. A tsakiyarsu ga kawu, gammo a ka, kwandona cike da duwatsu a bisa, yana ɗingishi, gumi ya jiƙa kakin sharkaf, lambobin suna kaɗawa suna ƙara a ƙirjinsa. Tun isarsu yake yi. Samari sun yi sun yi su karɓe masa, ya ƙi. Kumandan yana tsaye baki buɗe. Abokina ya raɗa mini cewa Baturen ya ƙirga mutane ya ga sun cika, sai da ya sake dubawa ya gane wane ne cikon.

Na ruga na kama kwandon. "Kawu, don Allah sauke!"

Bai sake shi ba. "Mi anka samu?"

"Mace, kawu. Duk suna lahiya."

Sai ya sauke kwandon a hankali, ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya juya wajen kumandan ya sara, ya yi masa bayani. Baturen ya dube ni, ina haki, ƙafafu duk jini, ya dubi kawu, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya zo ya girgiza mini hannu yana faɗin wata kalma, kawu ya ce barka yake yi mini. Ya koma mota ya ɗauko ƙullin sukari ya ce a kai wa mai jego. Nan fa wurin ya kaure da sowa, wani ya juya kwano ya fara kiɗa, har babban gardi sai da ya taka.

Mun gama rabonmu na hanyar kafin hatsi ya yi kai, ba a taɓa kowa da bulala ba. Kawu ya yi kwanaki yana jinyar ƙugu, Inna tana gasa masa tana faɗa, wai tsoho da shi ya je yana gasa da 'ya'yan cikinsa. Ranar suna ya zo dogare da sanda, ya fi kowa cin nama. Kakar wannan shekarar rumbunanmu suka cika. Bayan 'yan shekaru aka soke aikin tilas gaba ɗaya, amma aikin ƙungiya da ya koya mana bai mutu ba, har yau a garinmu gonar marar ƙarfi ake fara shukawa. Da ya rasu, mutane suka zo daga Tamaske, daga Bouza, har daga Madaoua, tsofaffin sojoji suka jeru suka sara wa makararsa.

Na zauna da masu muƙami da yawa bayan haka, na ga waɗanda girmansu ya zame wa na ƙasa da su kaya. A wurin kawu na koyi cewa girma ba abin ajiya ba ne. In Allah ya ɗaga ka, to ya ɗaga ka ne don ranar da naka za su rasa mai tsaya musu, ka tsaya, ko da abin zai ci duk abin da ka tara. Kuma in ka ba da kalmarka a kan mutane, ka shirya cika ta da jikinka.