Bishiyoyin da Ke Shan Ruwa Talata da Juma'a

A shekarun da na yi ina auna bishiyoyi a ƙasar nan, ranar da ba za ta taɓa fita raina ba ita ce wadda na tsaya gaban masana a Manchester, sanye da sabuwar shadda, ina yi musu bayanin abin da na ɗauka shi ne babban binciken rayuwata. Tunda ku sababbin zuwa ne, kuma jibi za ku fara fita daji, gara ku ji labarin daga bakina kafin a ba ku shi a kicin ɗin department da ƙarin gishiri.

A lokacin ina research assistant, wato mataimakin mai bincike, matakin da ba wanda ke ƙasa da shi sai ɗalibai. Kwantiragina na shekara biyu ne, bizata kuma a jikinsa take rataye, haka ta matata Hauwa da 'yarmu Amira. Muna zaune a wani ɗan flat a Perry Barr. Shugabana shi ne Farfesa Gareth, dogon mutum mai saurin magana, wanda ya kasa kiran sunana Sunusi har ya haƙura ya koma kirana Sani.

Aikinmu a kan bishiyar beech ne. Ga wanda bai san ta ba, doguwa ce, jikinta sumul ruwan toka kamar na kuka, sai dai ba ta da haƙurin kuka ko kaɗan. Saiwoyinta ba sa nisa cikin ƙasa, don haka idan zafi ya tsananta kuma ruwan sama ya ɗauke, sai ta rage girma, wani lokaci har shekarar da ke biye ba ta gama farfaɗowa ba. Da yake sauyin yanayi yana ƙara kawo irin wannan zafin, ana son sanin yadda dazukan beech za su kasance nan gaba. Mu kuma ba za mu zauna jiran fari ba, sai muka ƙirƙiri namu.

Ga yadda aka tsara. A wani daji da ke kudu da Birmingham aka ware fili biyu. Na farko aka bar shi yadda Allah ya yi shi. Na biyu aka yi masa rumfar roba mai haske a ƙarƙashin rassa, da indararo mai kwashe ruwan sama ya zubar can nesa. Kowace bishiya aka ɗaura mata ɗamarar ƙarfe mai nuna ko ta ƙara kauri, a ƙasa kuma aka binne na'urorin auna danshi masu aiko da sakamako kai tsaye zuwa kwamfutarmu. Aka kewaye wurin da igiya. Farfesa, da yake yana son wayar da kan jama'a, ya sa aka kafa allo da manyan haruffa: waɗannan bishiyoyi suna cikin fari.

Ni ne mai zuwa duba ɗamara, duk Litinin da Alhamis. In shiga jirgin ƙasa daga Selly Oak, in sauka in kama bas, in ƙarasa da ƙafa. A nan na saba da wata tsohuwa mai suna Doreen, wadda ke yawo da karenta a gefen dajin. Ban iya kiran sa'ar kakata da sunanta gatsal ba, sai nake ce mata Mama Doreen, abin ya yi mata daɗi ƙwarai. Kullum sai ta tsiyaya mini shayi daga filas ɗinta, ta tambaye ni, "Yaya marasa lafiyar namu?"

Ni kuwa in ce, "Mama, abin mamaki, sai ƙiba suke yi."

Sai ta yi murmushi ta ce, "Madalla. Haka nake son ji."

Kuma gaskiya na faɗa mata. Tun lokacin zafin shekarar farko lissafi ya juye mana. Bishiyoyin da muka hana ruwa sun fi waɗanda ke waje girma. Ganyensu shar, ɗamara har tana neman matse su. Na ɗauka na'ura ce ta lalace, na canza, sakamako bai canza ba. Na hau rumfar da kaina ina neman inda take yoyo, ban samu ba. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne danshin ƙasa yana tashi da sassafe, ranar Talata da ranar Juma'a, sannan ya riƙa sauka a hankali.

Na kai wa Farfesa wannan a ofis. Ya daɗe yana kallon kwamfuta, sannan ya miƙe tsaye ya ce, "Sani, ka san abin da muke gani? Bishiyoyin nan suna janyo ruwa daga can ƙarƙashin ƙasa, suna shayar da kansu."

Wannan ba tatsuniya ba ce, akwai itatuwan da aka san suna yin haka. Amma na ce, "Farfesa, Talata da Juma'a kawai?"

Ya ce, "Zagaye ne na kwana uku zuwa huɗu. Halitta tana da agogonta."

Na ce, "Akwai sati guda a watan Yuli da ba su janyo ko ɗigo ba."

Ya ce, "Sun huta. Wannan ma abin rubutawa ne."

Ba zan ɓoye muku ba, cikin 'yan makonni ni ma na fi shi yarda. Har na riƙa yi wa Hauwa bayani a kan tuwo. Ta saurare ni tsaf ta ce, "Baban Amira, ni dai ban taɓa jin bishiyar da ta san Juma'a ba." Na ce mata kimiyya ce, ba za ta gane ba.

A ƙarshen shekara ta biyu aka karɓi aikinmu a wani babban taron masana dazuka a Manchester, aka kuma sa shi a zaman da jama'ar gari ke iya halarta. Farfesa ya ce ni zan gabatar, domin ni na sha wahalar. Ya ƙara da cewa idan abin ya karɓu, sabunta kwantiragina ba zai zama matsala ba. Ranar Alhamis ɗin ƙarshe na gaya wa Mama Doreen, har na ce mata, "Ai sai ki zo ki gani." Irin gayyatar nan tamu ta fatar baki, wadda ake yi wa mutum ya ce Allah ya kai mu, magana ta wuce. Ita kuwa ta tambayi sunan zauren da lokaci.

Na sauka a Old Trafford gidan yayana Kabiru, wanda akanta ne a can. Yaya Kabiru bai ɗauki abin da wasa ba. Ya ɗauki hutu daga aiki, ya zuba babbar riga, ya gayyato abokansa biyu likitoci, ya ce yau za a san gidanmu ya haifi masani. Muna shiga zauren na hango layin gaba cike da tsofaffi, maza da mata, kowa da jakar abincinsa a cinya. Mama Doreen na tsakiya tana ɗaga mini hannu. Mota guda suka yi haya daga Birmingham.

Na yi bayanina lafiya. Na nuna hoton rumfa, na nuna yadda kauri ya ƙaru, na nuna layin danshi yana hawa yana sauka. Duk lokacin da na ce bishiyoyin sun ƙara girma, sai layin gaba ya ɗauki tafi. Na ji daɗi, na ce a raina Turawa akwai son ilimi. Da na gama, wani masani daga Jamus ya yi tambaya a kan zurfin saiwa, na amsa. Sai Mama Doreen ta ɗaga hannu, aka miƙa mata makirufo.

Ta ce, "Ni ba tambaya gare ni ba. Ina so in ce wannan yaron kirki ne, kuma ba sai ya gode mana ba. Mun yi ne don bishiyoyin."

Shugaban zaman ya ce, "Kun yi me, Madam?"

Ta ce, "Ban ruwa mana. Mun ga an rubuta suna cikin fari, ga kuma wani ya manta rumfa a kansu. Da farko da jarkoki muke kaiwa a keken cefane, bayanmu ya fara ciwo. Sai Ron ya ja mana tiyo daga lambunan da ke bayan dajin. Ron, tashi a gan ka."

Wani tsoho mai sanda ya miƙe ya rusuna. Wallahi wasu a baya har sun fara tafa masa kafin su gane abin da ake ciki.

Ta ci gaba, "Talata da Juma'a, da sassafe. Kuma kullum sai mun mayar da busassun ganye yadda muka same su, don kada mu ɓata wa Sunusi wayoyinsa."

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Mama, satin nan na Yuli fa?" ba.

Ta ce, "Ayya, ka lura? Bakin teku muka je. Ka yi haƙuri, ba mu samu wanda zai riƙe mana ba."

Sai dariya ta fashe daga bayan zauren ta taho gaba kamar ruwa. Masanin nan na Jamus ya cire tabarau yana share hawaye. Farfesa Gareth ya sa kai tsakanin gwiwoyinsa. Ni ina tsaye da sandar nuni a hannu, a bayana ga ƙaton hoton layin danshi, wanda yanzu kowa ya san jadawalin aikin Ron ne. Yaya Kabiru, wanda tun farko yake ɗaukar video da wayarsa, bai gama fahimta ba, ya matso bakin dandamali yana raɗa mini, "Sunusi, is this good or bad? In ci gaba da video?"

A jirgin komawa Birmingham ni da Farfesa muka zauna kusa da juna. Ni lissafin yadda zan gaya wa Hauwa ta fara haɗa kaya nake yi. Can ya ce, "Sani, ni na rubuta allon nan." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma ni na ce sun huta." Daga nan dariya ta kama shi har mai duba tikiti ya tsaya yana kallonmu.

Ƙa'ida ita ce a sanar da masu ba da kuɗin bincike duk abin da ya ɓata gwaji. Farfesa ya je da kansa, bai ɗora wa kowa laifi ba. Aikin shekara biyu ya tafi, domin ba wanda ya san yawan ruwan da aka zuba. Amma sun yarda a sake daga farko, suka ƙara mana lokaci, kwantiragina ya tsira da ƙyar. Sharaɗinsu shi ne a kafa shingen gaske, kuma a zauna da mutanen unguwa.

Wannan zaman ya fi taron Manchester wuya. A ɗakin taron unguwarsu na tsaya ina yi wa tsofaffi bayanin cewa da gangan muke hana bishiyoyin ruwa. Mama Doreen ta ce, "Wato kai ne ka sa rumfar?" Na ce ni ne. Ta dube ni kamar ta kama ni ina dukan karenta. Na ce mata a garinmu, can Gumel, na ga itatuwan da kakana ya sha inuwarsu sun bushe a tsaye, ba wanda ya auna su balle ya san lokacin da suka fara gazawa. Na ce idan muka wahalar da waɗannan 'yan kaɗan, za a san irin wuraren da beech za ta iya rayuwa nan gaba, da inda ya kamata a fara shuka wani abu dabam. Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai ce Ron zai naɗe tiyonsa.

A zagaye na biyu muka ga abin da muka zo nema, kuma bai yi daɗin gani ba. Ɗamara ta kusa daina motsi. Ganye ya fara ja tun watan Agusta, rassan sama suka yi sharaf, wasu suka bushe. Wata biyu Mama Doreen ba ta ba ni shayi ba. Ranar da ta dawo da filas ɗin, ta tsaya a bakin shinge tana kallon sama ta ce, "Haka duk dajin zai koma?" Na ce, "Idan zafin ya ci gaba, wasu wuraren haka za su koma." Ta ce, "To ka rubuta da kyau. Kada su sha wannan wahalar a banza."

Abin da na koya shi ne na'urorinmu ba su yi mana ƙarya ko sau ɗaya ba. Sun ce ruwa ya zo, kuma ya zo. Mu ne sakamakon ya yi mana daɗi har muka ƙi tambayar ta ina ya biyo. Kuma a ƙasar nan babu dajin da ba shi da masu shi, ko da ba sunansu a takarda. Don haka jibi idan kun isa filinku, kafin ku taɓa kowace na'ura, ku nemi masu yawo da karnuka ku gaishe su, ku gaya musu abin da kuka zo yi da dalilinsa, dalla-dalla, har sai sun maimaita muku da bakinsu.