Butar da Baba Ya Bari a Ofis

Kullum da safe, kafin kowa ya iso, Baba Mai Buta yakan buɗe tagogi, ya kunna kwamfutarsa, ya ɗora tsohuwar butar shayi a gefen tebur. Gindin butar ya huje tuntuni, amma har yau tana bakin aiki. Shi sana'arsa rubuta manhaja, wato jera wa na'ura umarnin da za ta bi. Yanzu gemu ya yi fari fat, ya ajiye aiki.

Duk wanda aiki ya cije masa ya kawo kuka, Baba ba ya karɓe masa kujera ya gyara da kansa. Butar yake tura masa.

"Faɗa mata abin da ka rubuta. Layi-layi, da baki, kamar kana yi wa kakarka bayani."

Masu dariya sun yi har sun gaji.

Ku tambayi Auta, wadda aka ɗauka gwaji. An ba ta manhajar da za ta tura wa iyaye mata saƙon tunin rigakafin yara, asibitin unguwa na jira. Saƙon kuwa ya ƙi rarrabuwa, duk ya taru a wayar mace guda. Baiwar Allah har ta kira tana tambayar 'ya'ya nawa ake zaton ta haifa. Manaja ya ce in aka tashi ba a gyara ba, gwajin Auta ya ƙare.

Ta zo idanu jawur. "Baba, duba mini don Allah. Kaina ba na aikin nan ba ne."

Tun daga inda yake zaune Baba ya hango kuskuren. Yatsunsa har ƙaiƙayi suke. Amma ya san in ya gyara mata, za ta tsira da aikin, ta tafi da maganar nan a ranta. Ya tura butar.

"Haba Baba! Ana maganar abincina, kana haɗa ni da gwangwani?"

"Gwangwanin nan shi ya yaye manajanki. Gaishe ta ki fara, 'yata."

Ta share ido, tana dariyar dole. "Ina wuni, Inna Buta. Na ɗauko lambar wayar farko, na tura saƙo. Na dawo, na ɗauko lambar..." Sai ta sake duba layin. "Ta farkon na sake ɗaukowa! Ban ce wa manhajar ta matsa gaba ba!"

Ta gyara, ta fara gwadawa a wayoyin 'yan ofis kamar yadda Baba ya koya musu. Wayoyi suka ɗauki ƙara gaba ɗaya, har manaja ya leƙo yana cewa shi dai autansa ya yi gemu, a bar shi haka.

Baba, kai ne mai haɗiye amsa don wani ya samo tasa. Kai ka koya musu ajiye kwafi kafin a taɓa abin da ke aiki, da raɗa wa kowane abu sunan da na baya zai gane. Inuwar gindin kuka, ba ka taɓa cewa kai ka yi ba.

Mun gode, Allah ya ba da hutu mai daɗi. Ku kuma manyan ma'aikata, ku rage ƙwace wa na ƙasa kujera. Ku ba su kunne, su ji bakinsu.

Ranar sallama Baba hularsa kawai ya ɗauka. Butar tana teburin Auta, jiya ma an ga manaja tsaye a gabanta yana gaisuwa.