Matakalar da Bai Hau Ba

An zuba wa gidanmu na Dutse Alhaji dekin, wato rufin kwankare, tun Malam na da lafiya, aka bar rodi a tsaitsaye kamar kara a gona bayan girbi, wai sai an samu hali a ɗora bene. Hali bai zo ba, ciwo ne ya zo. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Mutumin da kullum ke jan bas zuwa cikin gari ya koma ɗaki ya ba ƙofa baya.

Ɗakin nan kuwa tanda ne. Maƙwabta sun yi gini sun manne mana ta ko'ina. Na ce ya riƙa zama a ƙofar gida, ya ce ba zai zauna yaran mota na yi masa sannu ba. To, sama fa? A kan dekin akwai iska, ana hango duwatsun hanyar Bwari, kuma babu idon kowa. Matakala ce babu, sai tsanin katakon da nake hawa in yi shanya.

Ni ba baƙuwar siminti ba ce. Tun da ya kwanta nake bin matan Gbagyi zuwa Kubwa ɗaukar kwankare, su a kafaɗa, ni a ka. Na hau matakalar mutane da kaya har na san yadda ake kafa mata katako, da yadda ake ɗaure rodi. Na ce to, ni zan yi masa ita. Abin da ban sani ba shi ne lambobin jikin tef ɗin awo, don lokacin ban shiga ajin manya ba. Sai na lura da ƙafarsa in zai tsallake dokin ƙofar banɗaki, na ga iyakar inda take ɗaguwa, na yanki kara daidai nan. Da karan nan na auna kowane taki. Shi ya sa matakalar ta yi tsawo, ta cinye rabin tsakar gida.

Ina sama da guduma ƙaninsa ya shigo.

"Matar Yaya, ashe injiniya muka auro ba mu sani ba?"

"Injiniyar da ta ga maza sun naɗe hannu," na ce. "Miƙo min ƙusa, ko ita ma ta fi ƙarfinka?"

Bai miƙo ba. Ɗaki ya shige, kuma bai rage murya ba. "Yaya, unguwa fa ta ɗauka. Wai kai kana kwance, mace tana maka gini."

Na zuba kwankare ni kaɗai, kwano bayan kwano. Siminti ya cinye min tafin hannu har tuwo ba na iya ci sai da cokali. Na yi ta ba ta ruwa safe da yamma har ta kama, na cire katako, na kafa ƙarfen dafawa ta ɓangaren hannunsa mai lafiya.

"Malam, tashi in riƙe ka."

Ya taso. Muka je har gindinta. Ya daɗe yana kallo, ya shafa ƙarfen.

"Ta yi kyau," ya ce.

"To, bismillah."

"Ba zan hau ba. Ranar da na taka ta, na yarda ke nan na ƙare."

"Ka gwammace zafi ya dafa ka don bakin ƙaninka?"

"Na gwammace."

Na yi lallashi, na yi faɗa, har baƙar magana na gaya masa, kuma ba na janye ta. Na kai tabarma da matashi sama, rana ta ƙone su a can. Bazarar nan duk a ɗaki ya yi ta, yana fifita da kwali. Kafin ruwan farko ya rasu.

Bayan sadakar bakwai, ina cikin takaba, 'yan'uwansa suka zo da tef za su auna sama saboda rabon gado. Su ne mazan farko da suka taka matakalar. Kawunsu, tsoho mai ciwon gwiwa, ya kai ƙarshe ko haki bai yi ba.

"Kai, wannan matakala da daɗin hawa! Allah ya jiƙan yaron nan, ya san gini."

Ƙanin Malam yana gefensa. Na ɗaga masu hannuwana daga ƙasa.

"Kawu, ga birkilan nan. Wanda kuke yabo ko yatsa bai ɗora a kanta ba. Tambayi na kusa da kai dalili."

Aka ce mai takaba ba ta ɗaga murya. Na ƙara ɗagawa.

Saman ya faɗa rabon wasu, matakalar tana tsakar gidana. Ba a yi ta don mai lafiya ba. In zan hau shanya dole in rage taku, in bi ta a hankali, irin tafiyarsa.