Ƙwayayen Fitilar da Muka Ba Malam

Benen yana bakin titin Gezawa, hawa huɗu, tsaye shi kaɗai a tsakiyar gonaki. Wani Alhaji ne ya gina shi lokacin da ake ta cewa birni ya kusa isowa nan. Birni bai iso ba, sai mu muka iso: malaman makaranta, ƙananan 'yan kasuwa, da masu shiga motar Kano kullum da safe irin maigidana. Mu aka ba hawa na ƙarshe. Ni da na taso a wani ƙauye kusa da Makoda, ban taɓa hawa abin da ya fi rumbun gidanmu tsawo ba sai da na tare a can. Idan na leƙa ta taga, dawa da gyaɗa nake gani har iyakar idona.

Shekarun nan ne da mai ya yi tsada har aka lulluɓe janaretan gidan da buhu aka manta da shi. Wutar gwamnati kuwa sai a yi makonni ba a gan ta ba. Abin da ya rage mana shi ne solar da ke kan rufi, da baturanta a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala. Ita ke ba mu haske, ita ke tayar da injin da ke tura ruwa zuwa tankin sama. Duk ranar da baturan suka zube, famfo ya ƙafe, sai mu ɗauki jarkoki mu nufi rijiyar gonar bayan gida. Na ƙasa su yi taku kaɗan su shige ɗaki, mu na sama mu yi ta hawa, ni ga goyo a baya.

Hajiya, ƙanwar mai gidan, ita ke kula da benen, tana zaune a hawa na ƙasa. Da ƙorafi ya ishe ta sai ta tara mu a gindin darbejiya, maza a kan tabarma, mu mata a bakin ƙofa. A nan Malam ya yi magana. Tsohon shugaban firamare ne, yana hawa na uku, shi kaɗai tun rasuwar matarsa. Farin gemu, murya a ƙasa. Ya ce wutar nan kamar tukunyar tuwo ɗaya ce, duk wanda ya zurfafa hannu ya rage wa wani. Kafin a tashi an ɗora masa shugabancin masu haya, babu wanda ya ja.

Ya kuwa riƙe aikin. Bayan la'asar zai bi ƙofa ƙofa da sallama, ba ya shiga ɗakin da maigida ba ya nan. Ya roƙe mu mu koma dutsen guga na gawayi, mu ajiye hita, mu riƙa cajin waya da rana tsaka. Babban abin da ya sa a gaba shi ne tsofaffin ƙwayayen fitila, masu jan haske. Ranar da ya zo wajenmu ya ce maigidana ya kunna na falo, sannan ya dube ni.

"'Yata, kawo hannunki kusa da shi. Me kika ji?"

"Zafi, Baba."

"To wannan zafin, ruwan wankan ɗanki ne yake ƙonewa."

Na ji kunya kamar an kama ni da sata. Maigidana ya kwance ƙwan, wanda har da ɗigon shuɗin fenti a wuyansa tun lokacin da ya yi wa ɗakin fenti da kansa. Muka sayi farare marasa zafi. Tsofaffin kuma Malam ya tattara su a buhu, na duk gidan, ya ce zai adana kada wani ya ga nasa a ajiye zuciya ta raya masa ya mayar.

Wadda abin ya fi taɓawa maƙwabciyata ce, ƙofarta na kallon tawa. Kakanninta daga Borno suka zo, mijinta direba ne da kan daɗe a hanya, ita kuma da sayar da zoɓo mai sanyi take riƙe 'ya'yanta. Malam ya je mata sau da yawa, da lallashi da nasiha, har ta kashe firjinta. Na ga ranar da ta wanke shi ta bar murfin a buɗe, tana goge ido da gefen mayafi.

Ruwa ya dawo, muka yi ta sa wa Malam albarka. Da marka ta kankama sai famfo ya sake ƙafewa. Malam ya ce hadari na tare rana, amma ba shi kaɗai ba ne, akwai mai cin amana a cikinmu. Bai ambaci kowa ba, sai dai idanu duk suka koma kan maƙwabciyata. Aka daina amsa gaisuwarta da sakin fuska. Wata rana ta jawo hannun Hajiya har ɗakinta, ta buɗe firjin. Kayan yara ne a ninke a ciki.

Ranar wata Juma'a, maza duk sun tafi masallaci, ina shanya a baranda sai na ji ƙauri. Na ɗauka wata ce ta manta tukunya a wuta. Da na sauko hawa na uku sai na ga hayaƙi na fitowa ta ƙasan ƙofar Malam, ga kwaɗo a rufe. Na ƙwala wa Hajiya kira. Ta yi saurin kashe babban makunni a ƙasa, maƙwabciyata kuma ta sauko da taɓarya. Mu biyu muka riƙa dukan kwaɗon har ya ɓalle.

Falon babu komai sai tabarma da rediyo da buta. Hayaƙin daga uwar ɗaka yake. Na tura ƙofar, zafi da wari suka bugi fuskata, sannan na ji kukan. 'Yan tsaki ne, ɗaki guda, rawaya fal, sun cure a kusurwa suna hawa kan juna. An toshe tagogi da kwali, an shimfiɗa garin katako a ƙasa. Daga rufi kuma wayoyi ne suka sauko reras, kowace da ƙwan fitila a bakinta, dab da ƙasa. Ɗaya ya tsinko ya faɗa cikin garin katakon, nan ne wutar ta kama.

Da ruwan da muka hawo da shi a ka da safen nan muka kashe ta. Jarkata, da ta maƙwabciyata, da bokitin wankan ɗana da ban kai ga amfani da shi ba. Da hayaƙi ya lafa na tsaya ina kallon ƙwayayen. Na uku daga ƙofa yana da ɗigon shuɗin fenti a wuya. Na miƙa hannu na taɓa shi, bai gama hucewa ba.

 Maƙwabciyata ta zauna a ƙasa cikin jiƙaƙƙen garin katako, taɓarya a cinyarta, tana ta kallon sama. Sai a lokacin na gane dalilin rediyon da ba ya mutuwa a ɗakin nan, ashe kukan tsaki yake dannewa, na kuma gane warin da muke ta ɗora wa kwata.

Malam ya dawo tare da sauran maza, darduma a kafaɗa. Ya ga ƙofa a buɗe, ya ga mu. Ya cire takalmi kamar mai shiga ɗakin wani, ya wuce mu, ya durƙusa yana tsince 'yan tsakin da suka mutu yana sa su a gaban rigarsa ta Juma'a.

Hajiya ce ta fara magana. "Malam, kai ne?"

"Ni ne, Hajiya."

"Ka bar yarinyar nan ana zarginta, kana ji kana gani?"

 "Fanshona ya tsaya tun bara," in ji shi. "Na ce makonni kaɗan ne, da sun yi gashi sai in kashe. Sai marka ta zo." Ya juya wajen maƙwabciyata. "'Yata, ki yafe mini."

Ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta. "Baba, da ka ce mana kana cikin wani hali, da mun san yadda muka yi. Ni kasuwata ka kashe ka rayar da taka." Ta ɗauki taɓaryarta ta haye sama.

Washegari kafin azahar famfona ya yi tari ya kawo ruwa da ƙarfi har yana fantsama, ga sama a lulluɓe da hadari. Na tsaya a kansa ina kallo, ban ko tara bokiti ba.

Hajiya ba ta kore shi ba, shi ya nemi tafiya. Wani ɗan'uwansa a wajen Shanono ya turo mota. Maigidana da wasu maza suka taya shi sauko da kwalaye, tsakin na ta kuka a ciki. Ina tsaye a matakala ya zo wucewa, ya ce, "A gaida yaro." Sai da ya kai hawa na ƙasa na amsa.

Da aka sake taro a gindin darbejiya, Hajiya ta nemi wanda zai karɓi shugabanci, kowa ya sunkuyar da kai. Aka tashi a kan cewa kowane hawa ya riƙa kula da kansa, maƙwabciyata kuma ta kunna firjinta daga hantsi zuwa la'asar. Ta kunna, amma ba ta ƙara shekara a gidan ba. Da mijinta ya sami ɗaki a cikin gari suka tashi. Ta bar mini tukunyar da take dafa zoɓo, ta ce ta yi mata nauyin saukarwa.